Mutanen tsibiran Tabkin Cadi: abin da suka bari cikin ruwa da abin da suka tarar kan tudu



Yau gabas nake so mu leƙa, can ƙarshen ƙasa, jahar Diffa. Shekara goma ke nan da ɗoriya da aka umarci mutanen da ke zaune cikin tsibiran Tabkin Cadi su kwashe nasu ya nasu su fito kan tudu. Har gobe, in ka zauna da ɗaya daga cikinsu, ko a Ngigmi ne, ko a Kinjandi, ko cikin waɗanda suka komo garuruwansu na asali nan wajenmu, hira ba za ta yi nisa ba sai ya kai ka cikin ruwa. Zai yi ta ba ka labarin kifi da nono da masara har ka ce almara yake yi. Mutanen tudu sukan yi murmushi su ce kewar gida ce kawai, kowa tuwon gidansu ya fi masa daɗi. Ni a ganina ana saurin yanke hukunci. Abin da mutanen nan ke faɗa lissafi ne na yadda talaka ke rayuwa ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba, kuma duk wanda zai buɗe baki ya yi maganar makomar Diffa ya kamata ya fara sauraren lissafin nan tukuna.

Ga waɗanda suka manta, ko waɗanda ke yara a lokacin, ga yadda abin ya faru. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kawo hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Ranar 25 ga Afrilu suka afka wa sansanin sojojinmu a tsibirin Karamga, aka rasa sojoji sama da 40 da fararen hula da dama. Allah ya jiƙansu. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumomi suka ba mazauna tsibirai wa'adin ƴan kwanaki su fita, don soja su samu sararin aiki. Mutum wajen 25,000 ne suka fito zuwa Ngigmi da Bosso a farkon watan Mayu. Ku tuna fa watan Mayu ne, tsakiyar bazara, lokacin da ko jaki ba ya son rana. Da yawa a ƙasa suka tako, da tsofaffi da masu goyo, wasu ƙishirwa ta kashe su kan hanya. Dubban ƴan Najeriya da ke cikinsu kuma aka kwashe su zuwa Gaidam ta jihar Yobe. Masu kare haƙƙin jama'a sun yi magana a lokacin, har aka tsare Musa Changari na wasu kwanaki.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da dalili. Wanda ya binne sojoji sama da arba'in a rana guda ba zai zauna ya naɗe hannu ba. Amma mataki ne da mutane suka ɗauka na makonni ne ko watanni, ga shi yaran da aka fito da su a goye sun yi wayo.

To mene ne suka bari a can?

Abu na farko da mutumin tudu ba ya ganewa shi ne, tabkin nan ba da damina yake cika ba. Mafi yawan ruwansa, kusan kashi 90 cikin ɗari, daga kogin Shari da Logon yake zuwa, can kudu ta wajen Cadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Komadugu da muka sani, wadda ke tasowa daga wajen Haɗeja da Jama'are, ƙarin gishiri ce kawai. Ruwan nan tafiya yake yi sannu a hankali, sai damina ta wuce, mu nan mun gama girbi, sanyi ya shigo, sa'an nan yake isowa ɓangarenmu. Wato lokacin da manomin Mayahi ko na Tanut ya kulle rumbu ya rasa abin yi, a lokacin ne tabki ke buɗe ƙofa.

Ruwa ya zo, a kama kifi: tarwaɗa, karfasa, bargi. Ruwa ya fara ja da baya, sai ya bar ƙasa baƙa mai laima, a bi shi a baya ana shuka masara da wake, ba jiran hadari, ba injin ban ruwa, ba taki. Inda ba a shuka ba ciyawa ta fito kore shar a tsakiyar rani, shanu su shiga. Fili guda, cikin shekara guda, ya ciyar da masunci, ya ciyar da manomi, ya ciyar da makiyayi, kuma sau da yawa duk ukun mutum ɗaya ne. In kifi ya yi ƙaranci masara ta rufa asiri, in masara ta ƙi ga nono. Mu da ke da damina ɗaya tak, wadda in ta yi gardama shekara ta lalace, ya kamata mu fi kowa gane darajar wannan.

Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, su ne ƴan asalin cikin ruwan. Suna da shanunsu na Kuri, masu farin jiki da manyan ƙahoni kumburarru kamar an hura, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa, makiyayi na biye da su kan guntun icce maras nauyi. Saniyar Kuri ba ta jimirin tafiyar rairayi da ƙishirwa irin na shanun Bororo. In ka fidda ta daga tabki, ka fidda ta daga duniyarta. Buduma da ya fito kan tudu da garkensa a 2015, ko ya sayar da araha, ko ya zuba ido suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ko ya baro su a can ga wanda ya ga dama.

Amma kada wani ya ce wannan maganar Buduma da Barebari ce, ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu ƙwarai. Tsibiran nan cike suke da Hausawa, na Nijar da na Najeriya, ga Zabarmawa, ga ƴan Mali da suka kawo irin gurarsu ta kamun kifi. Ka duba sunayen wurare ma: Tumbun kaza, Kwatar kaza. Hausa ce harshen ciniki a bakin ruwa. Gidaje nawa ne a ƙasar Damagaram da Maraɗi aka yi wa rufin kwano da kuɗin kifin tabki? Aure nawa aka ɗaura da shi? Da can in saurayi ya ce ya tafi tabki cin rani, iyaye ba su damuwa kamar yadda suke damuwa yau in ya ce ya nufi Libiya ko Aljeriya ko Jado.

Kuma ga abin da ya fi burge ni a lissafin nasu: tabki ba ya tambayar jari. Yaro ya sauka daga mota da ƴar jakarsa, ba shi da ko dala. Ya samu mai jirgi ya bi shi, a raba abin da aka kamo. Ko ya shiga saran icce wa masu banda, ko juya kifi kan wuta, ko ɗaure kwali, ko dako. Shekara ta zagayo ya sayi komarsa, wata shekara ya haɗa kuɗin jirgi. In gona yake so ya je wajen bulama, a yanka masa wuri, in ya girbe ya kai abin da aka saba kaiwa. Mata na tuya, suna sayar da abinci, suna da nasu bandar. Daga kasuwanni irin su Doro Lelewa ake loda kwalayen banda a manyan motoci, su nufi Maiduguri, daga can har kudancin Najeriya. Direba ya ci, kamasho ya ci, mai shayi a tasha ya ci, duwan ma ta ci. Wallahi ku nuna mini wani furoje guda da aka taɓa kawowa ƙasar nan wanda ke ɗaukar mutum ba takarda, ba sanayya, ba jari, ya maishe shi mai gida cikin shekara uku.

Sai aka fito kan tudu.

A nan komai da mai shi. Gona da mai ita, rijiya da mai ita, iccen da za ka sara ma akwai wanda zai ce kakansa ya gada. Mutumin da ya tashi yana miƙa hannu daga ƙofar bukka ya ɗebi ruwa, yau matarsa ke bin layi da jarka tun asuba, ko su jira motar ruwa. Wanda yaransa suka ƙoshi da kifi har suna yanga, yau yana lissafin tiya nawa ta rage kafin rabon wata mai zuwa. Mafi yawansu ma ba sansani aka kai su ba, bakin babbar hanyar kwalta suka kakkafa bukkoki na kara da tampol, tsakanin Diffa da Ngigmi, musamman bayan harin Bosso na watan Yuni 2016 da ya sake tarwatsa dubban mutane. Wasu sau biyu, sau uku suna gudu.

Kuma dokokin da aka kafa don a toshe wa ƴan ta'adda hanyar kuɗi, talaka suka fara shaƙewa. An hana kamun kifi da cinikinsa. An hana cinikin tattasai, wanda shi ne zinariyar mutanen Komadugu. An hana hawa babur, ƴan kabu-kabu suka zauna. An rufe kasuwanni da dama. Daga baya an sassauta, na tattasai a 2017, na kifi a 2019, amma jarin da ya narke ba ya dawowa da sanarwar rediyo. Mai jirgi ya riga ya sayar da injinsa ya ci.

Dole a yaba wa mutanen garuruwan da suka karɓe su. Talakawan Diffa sun raba ɗan abin da suke da shi da baƙi, tun kafin ƙungiyoyin agaji su iso da motocinsu. Sai dai zaman baƙunci in ya daɗe, fuska takan canza. Ga kuma wani ciwo da ba a cika faɗa ba, wato zargi. Mutum ya ce daga tsibiri ya fito, sai a bi shi da wani irin kallo. In Buduma ne abin ya fi muni, kamar dukan ƙabilar ce ta yi mubaya'a. Gaskiya ne akwai samarin tsibiri da suka shiga ƙungiyar, kamar yadda na tudu ma suka shiga. Amma wanda aka yanka wa ɗan uwa, aka kwashe wa shanu, ya tako a ƙasa cikin ranar Mayu don ya bi umarnin hukuma, a ce kuma shi ne abin tuhuma? Haba jama'a.

Yanzu kuma bari in faɗi abin da masu kewar tsibiri ba su cika sakawa cikin labarinsu ba, don in an tashi faɗin gaskiya a faɗe ta duka.

Tsibiri ba aljanna ba ce. Sauron tabki sai wanda ya kwana can, har dabbobi sai an yi musu hayaƙi. Zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, amai da gudawa, duk ƴan gida ne, don ruwan da ake sha shi ne ake wanka a ciki. Mace in naƙuda ta zo da gardama, sai a sa ta cikin jirgi a yi ta tuƙi ana addu'a, kafin a kai gidan likita wani lokaci an rasa uwa ko ɗa. Lakwal kuwa, a tsibirai da yawa babu ita sam. Yara sun girma ba takardar haihuwa, ba katin ɗan ƙasa. Kuɗin da ke yawo naira ce, sefa baƙuwa ce. Masunci da yawa cikin bashin ɗan kasuwa suke, shi ya ba su koma, shi zai yanka farashin kifi. Hukuma kuwa in ka gan ta, to karɓa ta zo yi.

Shi ya sa in ka saurari mata, labarinsu ba ya zama daidai da na maza. Namiji na tuna kuɗi da ƴanci. Mace na tuna waɗannan, amma tana tuna ƴaƴan da ta binne. A kan tudu, duk da wahalar, akwai uwar da a nan ta fara zuwa awon ciki, akwai yaron da a nan aka fara yi masa rigakafi, akwai yarinyar da a nan ta fara riƙe alli. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai iyalan da saboda shi ba za su koma ba ko da an ce gobe lafiya ta samu.

Abin tambaya shi ne, don me sai da mutum ya rasa komai, ya zama ɗan gudun hijira, sa'an nan ɗansa ya ga allo da allura? Shekara da shekaru ana loda kifin mutanen nan, ana karɓar haraji a kowane shinge, ba a mayar musu da ko aji guda ba. Ramin da hukuma ta bari, shi Boko Haram ta tarar a buɗe. Mun je har kotun duniya ta La Haye kan tsibirin Lete da ke kogin Kwara, a 2005 aka yanke hukunci cewa namu ne ba na Benin ba, muka yi murna. Ƙasar tsibiri muna sonta. Mutanen tsibiri fa?

Akwai masu cewa ai tabkin ma ya mutu, mene ne abin komawa? Wannan magana ta tsufa. Gaskiya ne a shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma farin 1973 da na 1984 sun rage shi ƙwarai, ya rabu biyu, ɓangaren Nijar ya bushe ƙaƙas shekaru da dama. Ngigmi da ke bakin ruwa a da ta koma garin rairayi. Amma tun ƙarshen shekarun 1990 ruwa ke dawowa ɓangarenmu, wata shekara da yawa, wata kaɗan, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 kowa ya gani. Dattawan tsibiri sun ga wancan fari da idonsu. Da ruwa ya gudu, bin sa suka yi zuwa Najeriya da Cadi da Kamaru, wasu suka noma ƙasan tabkin da ya bushe, da ya dawo suka dawo. Ƙaura ba baƙuwarsu ba ce. Bambancin shi ne fari bai taɓa hana su bin ruwa ba, wannan karon kuwa ruwan na nan, suna jin ƙamshinsa, an ce kada su taɓa.

Kuma kowa ya san ana taɓawa. Yunwa ba ta san doka ba. Mutane na saɗaɗawa su koma kamun kifi da kiwo, su biya masu bindiga haraji kafin su jefa koma, su fito kuma su haɗu da tuhumar jami'an tsaro. In jirgin sama ya zo ba ya bambance masunci da ɗan ta'adda. Wato dai an kwashe mutane don a hana ƙungiyar samun kuɗi, ƙarshenta ita ke karɓar kuɗin kifin da a da ke shiga aljihun talaka da baitulmali. Bandar da muke saya a kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi, wa ya san hannu nawa ta biya kafin ta iso?

An gwada mayar da mutane. A watan Yuni 2021 aka kwashi dubbai zuwa Barwa da ke bakin tabki, da kiɗa da jawabai. Watanni biyu bayan haka aka kai hari garin, sojoji 16 suka rasu. Darasin a fili yake: mayar da mutum gida ba aikin rana ɗaya da kyamara ba ne. Kuma Barwa ma gaɓa ce, ba tsakiyar ruwa ba.

Ni ba soja ba ne, ba zan ce ga ranar da za a buɗe tsibirai ba. Amma akwai abin da ba ya buƙatar jiran wannan rana. A yi wa masunta da makiyayan tabki rajista, a ba su takarda mai hoto, don wanda ya fita neman halal ya samu abin nunawa a shinge. A tsare ƴan wurare a bakin ruwa inda za a sauke kifi a sayar a fili, hukuma ta karɓi nata da rasit, maimakon a bar cinikin cikin duhu. Waɗanda suka yanke shawarar zama kan tudu, a daina kiransu baƙi bayan shekara goma, a yanka musu filin gida da na noma da takarda, cikin yarda da masu ƙasa, tun kafin rigima ta tashi tsakanin ƴaƴansu da ƴaƴan masu masauki. Mun ga yadda aka zub da jini tsakanin makiyaya da mutanen tabki a 2016 kan wuraren kiwo, bai kamata a jira a sake ba. Ranar da za a koma kuma, malamin lakwal da ma'aikacin lafiya su shiga jirgi ɗaya da soja. In soja kaɗai ya je, an koma gidan jiya.

Sa'an nan a tambaye su. Wannan shi ne abin da ba a yi ba a 2015, kuma ba a cika yi ba har yau. Ana taro a otal a Yamai ko Njamena kan farfaɗo da yankin tabki, hukumar tabkin ma tun 1964 take, amma sau nawa aka zaunar da bulaman tsibiri ko uwar masu banda a kan tebur aka ce su faɗi yadda za a yi? Su ne suka san wace hanya jirgi ke bi cikin ciyawa, wane tsibiri ke nutsewa in ruwa ya yi yawa, wane wata kifi ke ƙwai, ina iyakar gonar wane take. Ba a rubuce yake ba, cikin kawunansu yake, kuma masu shi tsufa suke yi a bakin kwalta. Yaran da aka haifa a Kinjandi da Kablewa ba su iya iyo ba, ba su taɓa riƙe filafili ba, wasunsu ba su taɓa ganin saniyar Kuri da idonsu ba. In aka ƙara wasu shekaru goma a haka, ko an buɗe tabkin, sai an nemo wanda zai nuna musu hanya.